Maɓallin Wuyan Harun

A unguwar Abbaganaram ta birnin Yerwa, na tarar da tsofaffin da in ka ambaci Harun ɗan Abakar sai su yi shiru suna lalube, sai ka ce "Mai Kwalba" sannan su gane wanda kake nufi. Mutumin nan kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba. Daga bakin 'yarsa Yakaka na ji labarinsa, lokacin ta tsufa tukuf. Duk da haka in ta zo wasu wuraren sai ka ji fushi a muryarta.

Harun Shuwa ne. A rugar shanu aka haife shi, can gabas wajen Dikwa. Yana saurayi wani bijimi ya soke shi da ƙaho a gefen wuya na dama, ƙasa kaɗan da muƙamuƙi. Ya warke, sai dai wurin ya bar tabo da wani ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ba ya masa ciwo, shi ma bai ƙara bi ta kansa ba.

Ciwon shanu ya ci rabin garkensu, yunwar 1914 ta ƙarasa sauran. Shi da wansa Yunus suka shigo Yerwa da sandunansu kawai. Yunus ya faɗa kasuwar shanu ya zama dillali, ya yi arziki daidai gwargwado. Harun ya samu aikin kula da doki a Bariki, unguwar Turawa, a gidan wakilin wani kamfanin sayen fata da ƙiraga. A can ya koyi Hausa. A gida Larabcin Shuwa yake yi, a unguwa Kanuri, a Bariki Hausa mai nauyin harshe. Turawan kamfanin suna zuwa suna tafiya, shi yana nan, har aka ɗauke shi daga bargar doki aka mai da shi boyin cikin gida, mai kai abinci tebur.

A unguwa yana da mutunci. Ya auri Fanna, suka haifi Yakaka. Yana da murya, saboda haka Goni Madu, limamin masallacin unguwar, ya ba shi kiran sallar asuba kafin ya tafi aiki. In an yi haihuwa, shi ake kira ya yanka ragon suna, don an san hannunsa da wuƙa, an kuma san ba ya wasa da salla.

Wajen 1936 aka kawo sabon wakili, wanda ma'aikata suka sa wa suna Mai Lofe saboda lofensa na shan taba, shi da matarsa. Uwargidan ba ta son ganin boyi cikin 'yar shara mai faɗin wuya. Ta sa tela ya ɗinka wa Harun farar riga mai tsayayyiyar kwala, an ɗirka mata sitaci ta yi tauri kamar busasshiyar fata, da maɓallin tagulla daidai maƙogwaro. Telan bai yi la'akari da ƙullutun ba. Da aka ɓalla maɓallin, bakin kwalar ya zauna daram a kansa.

Harun ya ce, "Ranki ya daɗe, ta matse ni. A ɗan sassauta."

Ta ce haka ake sa ta.

Tun daga ranar ya zama wani mutum dabam muddin rigar tana jikinsa. Kansa ya yi nauyi. In an kira shi, muryar ta zo masa kamar daga cikin rijiya. Ya riƙa hamma a tsaye da rana tsaka, shi da ko a zamanin kiwo ba a san shi da gyangyaɗi ba. In ya saci jiki ya shiga kicin ya ɓalle maɓallin, nan da nan idonsa ya washe. Uwargida ta kama shi haka, ta yi masa tas, ta ce tsufa da lalaci ne. Ya koma ya ɓalla.

Ranar wata Lahadi aka yi baƙi cin abincin rana. Harun yana zagaya tebur da kwanon miyar gyaɗa, sai Mai Lofe ya kira shi daga bayansa ta hannun dama. Ya waiwaya da sauri. Abin da ya iya tunawa shi ne hayaniyar ɗakin ta yi nisa, hasken taga ya tsuke ya koma kamar ramin allura. Da ya farka yana kwance a siminti, miya ta wanke farin siket ɗin wata baƙuwa, kuku yana yayyafa masa ruwa, ya riga ya ɓalle masa wuyan riga.

Ya miƙe garau, kamar ba abin da ya same shi. Wannan miƙewar ce ta cuce shi. Mai Lofe ya ce marar lafiya ba ya tashi haka. Dama ya daɗe yana zargin wuskinsa yana raguwa a kwalba, yau ya ga inda yake tafiya.

Harun ya ce, "Maigida, sansana bakina."

Bai sansana ba. Ya ja da baya ma, kamar an miƙa masa ƙazanta.

"To a kawo Alƙur'ani in dafa."

Baƙin suka yi dariya. A gabansu aka ce ya tuɓe rigar kamfani ya ajiye. Mutumin da ya ba gidan nan ƙuruciyarsa duka ya fito ƙofa daga shi sai wando, ya tako tun daga Bariki har Abbaganaram cikin rana. Ba wanda ya kira likita, alhali akwai likita a Barikin, gidansa ma ana hango shi daga barandar.

Labari ya riga shi isa gida. Ma'aikatan Bariki sun kai shi Kasuwar Litinin, kasuwa ta raba wa unguwanni. Da farko Goni Madu ya ce shi bai ga komai da idonsa ba, Harun ya ci gaba da kiran salla. Tunda yanzu ba aiki, har azahar da la'asar shi ke kira.

Fanna ce ta ga yadda mijinta yake tafiya kai a sunkuye, ta sayar da tasoshinta na aure ta sayo masa farin rawani, don ya fita da kamala a daina yi masa kallon korarren boyi. Da hannunta ta taya shi naɗawa, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa ta ja ya kama sosai. Ya fita kiran azahar. Ya hau 'yar matattakalar ƙasa da ke jikin masallaci, ya yi kabbara, ya yi shahada, muryarsa tana fita tar. Da ya zo "Hayya alas sala" ya juya kansa dama yadda aka saba. Bai ƙarasa kalmar ba. Ya sulalo daga sama ya faɗi a cikin masu alwala, goshinsa ya fashe a jikin buta.

Rawanin ya warware, shi kuma ya farfaɗo, ya tashi zaune yana tambayar me ya faru. Wani daga cikin taron ya ce, "Ashe Baturen bai yi ƙarya ba."

Bayan salla Goni Madu ya kira shi gefe. Ya ce, "Harun, ka huta da kiran nan tukuna."

"Goni, kai ma?"

"Ban ce komai ba. Mutane ne suke magana."

"Ga ni a gabanka. Matso ka ji warin bakina. Tun yaushe kake salla ina bayanka?"

Goni ya dubi ƙasa, ya ja carbinsa. Ya ce masallaci na jama'a ne, ba ya son fitina. Shi ma bai matso ba. Yakaka ta ce wannan ne abin da ubanta bai taɓa haɗiyewa ba. Bature baƙo ne, bai san shi ba, bai kuma damu ya sani ba. Amma Goni Madu shi ya raɗa wa Yakaka suna.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya fito ya faɗa masa a fuska ba. Aka yi suna a gidan da ke jikin nasu, sai kukan rago ya ji ta katanga, wani aka kira. Aka tashi ɗaurin aure, aka nemi shaidu aka tsallake shi yana zaune. Ya je wurin wansa Yunus a kasuwar shanu ya ce ya sa shi cikin dillanci, shi da ya san saniya tun daga kofato har ƙaho. Yunus ya ce, "Ɗan'uwa, dillanci amana ne. Fatake in suka ji sunanka a bakina, ni ma sun bar ni." Ya kawo goro ya ba shi. Harun ya ajiye masa goron a kan tabarma ya tashi.

Su Fanna ba su zauna ba. An sha rubutu, an yi turare, an kai shi wurin masu cire iska. Aka ce jini ne ya yi masa yawa, a je a yi ƙaho. Wanzami ya fara yi masa gyaran fuska, ya ɗaga masa haɓa ya danna yatsa a gefen wuya don ya ja fata, sai ga Harun ya zube a kan buzu. Daga ranar unguwa ta rabu biyu. Wasu suka tsaya a kan giya. Wasu suka ce farfaɗiya ce, kuma ana ɗauka. Waɗannan su ne masu tausayin, su ne suka daina cin tuwo kwano ɗaya da shi, suka hana 'ya'yansu shan ruwa a randar gidansa.

Shi kansa ya lura cewa in wuyansa a sake yake ba abin da ke samunsa. Ya faɗa. Ya faɗa wa Goni, ya faɗa wa Bulama, mai unguwa, ya faɗa wa duk wanda ya tsaya. Aka riƙa dariya: wai riga ce take bugar da shi. Samari suka mai da abin wasa, in sun hango shi su kama wuyan rigarsu su yi tangaɗi. Mutum mai fara'a ya zama mafaɗaci. Ya taɓa bin wani ɗan tireda da sanda har cikin shagonsa, aka kai shi gaban alƙali, aka ce ga irin halin mashaya nan. Fanna ta koma soya ƙosai a bakin hanya. Wasu ba sa saye, wai hannun gidan ne.

Haka aka yi ta tafiya har yaƙin duniya ya zo, aka buɗe babban filin jirgin sama a bayan gari, sojojin Turawa suka cika shi. Ana ɗibar leburori ba a tambayar tarihin kowa, Harun ya shiga, gemunsa ya riga ya yi fari. Aikinsa jan amalanken duro, da igiya a kafaɗa. Wata rana da hantsi igiyar ta zame ta hau gefen wuyansa, ya faɗi a gaban tantin asibitin soja.

Likitan da ke wurin saurayi ne, ba ya jin Hausa. Mai yi masa tafinta wani Bakano ne, Garzali, ma'aikacin asibitin. Harun yana farfaɗowa ya fara kare kansa tun ba a tambaye shi ba.

"Gaya masa ban sha komai ba."

Garzali ya ce, "Baba, ba wanda ya ce ka sha. Tambaya yake, me kake yi lokacin da ka faɗi? Da can ma ka taɓa faɗuwa?"

Ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya ba da labarin kwala, da rawani, da wanzami. Likitan ya sa aka kwantar da shi a gado, ya kama wuyan hannunsa yana jin bugun jini, sannan ya sa babban yatsa a kan ƙullutun ya ɗan murza. Harun ya ji duniya tana janyewa. Likitan ya saki, ta dawo. Ya gwada gefen hagu, ba abin da ya faru. Ya yi wa Garzali dogon bayani, yana nuna wuyansa, da ƙirjinsa, da kansa.

Garzali ya ce, "Baba, ka saurara. Ya ce kowane ɗan Adam yana da wani ɗan wuri a nan, dama da hagu, a jikin babbar jijiyar da ke kai jini kai. Aikinsa shi ne jin ƙarfin jini. In jini ya taso da ƙarfi, sai ya aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa zuciya ta sassauta. In ya yi ƙasa, ta sa ta ƙara. Haka suke yi dare da rana, mutum bai sani ba."

"To ni fa?"

"Naka na dama tabon nan ya takura shi. Abu kaɗan in ya danne shi daga waje, sai ya ɗauka jini ne ya yi yawa, ya aika. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin wuyan riga, saƙo kawai take ji. Sai ta tsai da zuciya. Ya ce yanzu da ya danna, bugun hannunka ɗaukewa ya yi a ƙarƙashin yatsunsa. In jini bai hau kai ba, kai ya mutu na ɗan lokaci, ka faɗi. In an saki, ka tashi lafiya lau."

"Nauyin kan fa, da barcin da nake ji in na sa rigar?"

Garzali ya tambaya, ya juyo. "Ya ce duk shi ne. In dannawar ba ta kai ta kayar da kai ba, tana dusashe ka."

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka. Ba farfaɗiya ba ce. Kada dai ka bar komai ya matse wurin, in za ka waiwaya ka juyo da jikinka duka. Za ka iya kai tsufanka da shi."

Garzali ya zaci tsohon zai yi hamdala. Harun ya tashi zaune. Ya ce, "Tambaye shi, wannan sabon ilmi ne? Bana aka gano shi?"

Likitan ya ce a'a, an jima da sani, yana cikin littattafansu tun yana makaranta.

Harun ya ce, "Wato ran da aka tuɓe ni, da an taka an kira likitan da ke maƙwabtaka, da yatsa ɗaya ya isa."

Sannan ya nemi alfarma guda, Garzali ya bi shi unguwa ranar Juma'a ya maimaita abin da ya faɗa. Mai Lofe dai ya daɗe da komawa ƙasarsu, ba inda za a same shi.

Garzali ya cika alkawari. Bayan la'asar, a ƙofar masallacin Abbaganaram, ya tsaya ya yi bayani da Hausa, Harun da kansa yana juya shi Kanuri don kada wani ya ce bai ji ba. Mutane suka saurara. Wasu suka ce Allah mai iko. Wani dattijo ya ce ai maganar Nasara ce, wa ya san gaskiyarta.

Harun ya juyo gaba ɗayansa ya fuskance shi. Ya ce, "Da Nasara ya ce ni mashayi ne, wa ya nemi shaida a cikinku? Wanda ba ya salla ya faɗi magana a kan ladaninku, kuka karɓa hannu biyu. Yau wani ya ce ƙarya ne, yau ne kuka tuna Nasara ba abin yarda ba ne?"

Goni Madu, wanda tsufa ya riga ya rankwafar, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Harun, abin da ya wuce ya wuce. Ƙaddara ce. Ka yi haƙuri, gobe ka dawo ka kira mana asuba."

"Faɗuwar ce ƙaddara, Goni. Ita na karɓa tun tuni. Abin da kuka yi bayan na faɗi, ku kuka yi shi. Ka tashi a nan, gaban mutanen da ka cire ni, ka ce ka zalunce ni."

Goni ya ce a bar tone-tone, a yi salati. Aka yi salati, taro ya watse. Kafin magariba maganar da ke yawo a unguwa ita ce Harun ya ɗaga wa liman murya.

Bai kira asubar ba, bai kuma ƙara salla a masallacin ba. Kafin damina ya sayar da gidan, ya kwashe Fanna da Yakaka suka koma Galtimari, lokacin gefen gari ne, gonaki da 'yan bukkoki. Ya samu awaki ya koma kiwo. Yunus ya aiko masa da karsana, wai a manta. Harun ya sa aka kora ta aka mayar masa har ƙofar gida. Fanna ta yi masa magana a kan wannan, ta ce jini ɗaya ne. Ya ce ya sani, shi ya sa.

Bai ƙara faɗuwa ba sai sau ɗaya, wani bunsuru ya fizge shi ya waiwaya ba shiri. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ba wanda ya gani sai Yakaka.

Bayan an gama yaƙi Goni Madu ya kwanta ciwon ajali. Ya aiko a ce wa Harun yana son ganinsa. Harun ya ce wa ɗan aiken, in maganar da ya nema ce, a faɗe ta a ƙofar masallaci, ba a ɗaka ba. Ɗan aiken bai dawo ba. Da labarin rasuwar ya iso, Harun ya yi alwala, ya ɗauki sandarsa ya taka har cikin gari. Ya tsaya a sahun ƙarshe aka yi sallar gawa, ana ɗaukar makara ya juyo gida, bai yi wa kowa gaisuwa ba.

Fanna tana tankaɗe a tsakar gida ya shigo. Ta ce, "Malam, ka yafe masa ke nan?"

Ya jingine sandarsa. Ya ce, "Na yi masa salla, haƙƙinsa ne. Nawa yana wurinsa."

Ya wuce ya kwance awaki, don rana ta yi, ba su sha ruwa ba.